Juya Mahaifa: Wa Ke da Ta Cewa?

A ɗakunan haihuwa na manyan asibitoci, daga Kano zuwa Zariya, daga Maraɗi zuwa Damagaram, akwai wata takarda da kan tsayar da aiki cik. Mace ce a kwance, an yi mata tiyatar haihuwa sau uku ko huɗu, ko kuwa haihuwarta ta tara ke nan kuma zubar jini ya kusa tafiya da ita. Likita ya duba ya ce wani cikin nan gaba yana iya zama ajalinta, ya ba da shawarar a ɗaure mata hanyar ƙwai, abin da mata ke kira juya mahaifa. Sai a tashi neman miji ya sa hannu. Wani ya sa nan take, wani ya ce sai ya shawarci mahaifiyarsa, wani ya ƙi ƙememe, wani kuma yana can wurin ci-rani, wayarsa ba ta shiga.

Shi dai aikin ba shi da wuyar bayani. Tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa akwai siraran hanyoyi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta nan ƙwan mace ke bi ya haɗu da maniyyi. Likita yakan ɗaure su ya yanke, ko ya toshe su, ko ya cire su ɗungurungum. Mahaifar tana nan inda take, jinin al'ada ba ya ɗaukewa, kwanciyar aure ba ta canzawa. Abin da ya tafi shi ne ɗaukar ciki, kuma tafiya ce da ba a sa ran dawowarta. Nan ya sha bamban da ƙwaya, da allurar wata uku, da ashanar hannu mai shekara uku zuwa biyar, da robar mahaifa mai kaiwa shekara goma, domin waɗannan duka ana dainawa ko a cire, haihuwa ta dawo.

A duniya baki ɗaya babu hanyar hana ɗaukar ciki da ta kai wannan yawan masu amfani da ita. A Najeriya kuwa, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna matan auren da aka yi wa aikin ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Wasu suna ganin wannan ƙarancin garkuwa ce da addini da al'ada suka yi mana. Wasu suna ganin alama ce ta cewa ana hana mata abin da zai ceci rayukansu. Duk ɓangarorin biyu akwai masu ilimi da masu tsoron Allah a cikinsu, kuma kowanne yana da hujjar da ta cancanci a saurara da kunnen basira.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ita ce gawa. Binciken 2018 ya ƙiyasta cewa a kowace haihuwa 100,000 a Najeriya mata 512 ke rasuwa, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 kuwa ya haura 1,000, wanda ya sa ƙasar ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a dalilin ciki da haihuwa a faɗin duniya. Nauyin ya fi faɗowa kan Arewa. A shekarar 2018 matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma 6.6 ne, a Katsina ya kai 7.3, alhali a Legas 3.4 ne. A wannan yanki namu, a shekarar, matan da suka haihu a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Nijar ta daɗe a baya tana riƙe da lamba ta ɗaya a duniya wajen yawan haihuwa, da 7.6 a binciken 2012.

Likitocin mata suna cewa mahaifar da ta ɗauki ciki bakwai ko takwas ba ta tsukewa da wuri bayan haihuwa, daga nan ne zubar jini ke ɓallewa. Wadda aka yanka sau uku tana da tabo kan tabo, yana iya yagewa a tsakiyar naƙuda, ko kuma mabiyiya ta manne a jikinsa ta ƙi fita har sai an cire mahaifar gaba ɗaya. Mai ciwon zuciya, da mai ciwon ƙoda, da mai sikila mai tsanani, kowane ciki a wurinsu kasada ce da rai. Irin wannan mace idan tana cikin birni, kusa da asibitin da ke da jini a ajiye da likita a bakin aiki, tana iya sha. Idan tana ƙauyen da sai an nemi mota da tsakar dare, an bi hanyar da damina ta cinye, ko hanyar da 'yan bindiga suka tare, to sai wani ikon Allah. Idan ta rasu kuma ba ita kaɗai ta tafi ba. Jaririn da ta bari da ƙyar yake rayuwa, sauran yaran a rarraba su gidajen dangi, babbar 'yar a cire ta daga makaranta ta zama uwa tun ba ta isa ba.

Idan aka ce musu ai ga allura da ashana, me ya kai ga yanka, sai su ce mai faɗin haka bai san yadda asibitin karkara yake ba. Allura sai an koma duk wata uku, da kuɗin mota, da izinin fita. Sau da yawa mace takan je a ce kayan sun ƙare. Yawancin waɗannan kayayyaki da tallafin waje ake sayo su, kuma kowa ya ga abin da ya faru a 2025 lokacin da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID. Ga kuma matan da allura ke rikita musu jini, su yi makonni ba su san matsayin sallarsu da azuminsu ba, har su haƙura su daina. Macen da aka tabbatar ciki zai kashe ta, in ji su, bai kamata a rataye ranta a kan ko kaya sun iso asibiti ko ba su iso ba.

Amsar masu adawa

Masu adawa ba su musanta gawar ba. Abin da suke cewa shi ne akwai wata gawar da aka manta ba a ƙirga ba, wato ta yara. Binciken nan dai na 2018 ya nuna a cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya 132 ba sa kaiwa shekara biyar, a Arewa maso Yamma 187 ne, a Kebbi ya haura 250. Matar da ke da 'ya'ya biyar yau, ƙyanda ko sanƙarau ko zazzaɓin damina na iya barinta da biyu kafin shekara ta zagayo. A ƙasashen da aikin ya zama ruwan dare, uwa tana da yaƙinin cewa yaran da ta haifa za su girma. Uwar ƙauyen Argungu ko Tasawa ba ta da wannan yaƙini, ba ta da fansho, ba ta da inshora, 'ya'yanta su ne abin dogaronta a ranar tsufa.

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan ciwo, domin ta taɓo wani miki namu na cikin gida. Aure a ƙasar Hausa ba ya da tabbas. Yawan zawarawa ne ya sa gwamnatin Kano ta fara aurar da su ɗari-ɗari ta hannun Hisba tun 2012. A ɗauki mace mai shekara ashirin da takwas, da yara huɗu, aka juya mata mahaifa da yardarta da ta mijinta. Bayan shekara biyu ya sake ta, yaran suka koma gidan ubansu kamar yadda aka saba, ta yi wani auren. Sabon miji yana son haihuwa, danginsa sun zuba ido, kishiyarta tana haihuwa duk bayan shekara biyu. Wace daraja za ta samu a wannan gida, kuma wane rabo 'ya'yanta za su samu a gadonsa tunda babu su? Mijin farko kuwa, wanda ya sa hannu, ya auri budurwa ya ci gaba da haihuwarsa. Asarar ita kaɗai ta kwashe. Ana iya yin tiyatar sake haɗa hanyar, amma tana da tsada kuma ba kullum take nasara ba, dashen ƙwai kuwa miliyoyin naira yake ci.

Wannan tsoro ba zato ba ne kawai. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda ya bi diddigin dubban mata har shekara goma sha huɗu bayan aikin, ya gano cewa a cikin waɗanda aka yi wa suna da shekara talatin ko ƙasa da haka, kusan ɗaya cikin biyar ta yi nadama, alhali a cikin waɗanda suka haura talatin abin bai wuce kashi shida cikin ɗari ba. Masu adawa suna cewa idan haka ta faru a ƙasar da darajar mace ba ta rataya ga haihuwa ba, ina ga ƙasar da ake yi wa mara haihuwa gori a tsakar gida? A tuna kuma yarinyar da aka aurar tana shekara goma sha biyar takan kai haihuwa shida tun ba ta cika talatin ba.

Me shari'a ta ce?

Abin lura a nan shi ne kowane ɓangare yana kafa hujja da matsaya guda. A watan Disamba na 1988, a zamanta na biyar a Kuwait, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke abu uku. Bai halatta hukuma ta kafa dokar da za ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba. Haramun ne a kawar da ikon haihuwa gaba ɗaya, ga namiji ko mace, sai in lalura ta tilasta bisa ma'aunin shari'a. Ya halatta a ba da tazara ko a dakata na wani lokaci saboda buƙata, matuƙar ma'aurata sun yi shawara sun yarda, kuma hanyar ba ta cutarwa.

Masu adawa suna riƙe da tsakiyar maganar. Asali dai haramun ne, in ji su, kuma kiyaye zuriya yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar. Annabi (SAW) ya hana sahabbansa dandaƙe kansu, ya kuma kwaɗaitar da yawan zuriya. Tazara kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, sahabbai sun yi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, iyayenmu mata sukan tafi goyon ciki da wankan jego gidan iyayensu, kuma abin kunya ne mace ta yi gwarne. Wanda yake da wannan ƙofa a buɗe, me zai kai shi ga wadda aka rufe?

Masu goyon baya suna riƙe da togaciyar. Kiyaye rai ma yana cikin manufofin nan biyar, kuma malamai sun gabatar da shi a kan kiyaye zuriya. Ran da ke nan a raye, mai shayarwa, mai tarbiyya, ya fi ƙarfin cikin da ba a ma ɗauka ba. Suna ƙarawa da cewa idan likita amintacce ya tabbatar da haɗarin, to ba halacci kaɗai ba ne, jefa kai ga halaka ne a ƙi. Kukansu shi ne wa'azin da ke isa kunnen talaka yakan tsaya a kan haramcin, ba ya ƙarasawa zuwa ga togaciyar, har miji ya zo asibiti yana ganin sa hannunsa saɓon Allah ne, alhali fatawar da yake tsoro ta riga ta ba shi hanya.

Tarihin da ba ya mantuwa

Akwai wata hujja ta masu adawa da nake ganin 'yan boko suna saurin raina ta, kuma kuskure ne babba. Ita ce rashin yarda. Wannan aiki yana da baƙin tarihi a hannun gwamnatoci. A Amurka, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1927 da ya halatta shi, an yi wa mutane fiye da 60,000 bisa dokokin jihohi, akasarinsu talakawa da masu naƙasa da baƙar fata. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi daga 1975 zuwa 1977, an yi wa maza sama da miliyan 6 irin nasu aikin cikin shekara guda. An riƙa riƙe albashin malaman makaranta sai sun kawo adadin mutanen da aka yanka musu. A watan Nuwamba na 1976 'yan sanda suka yi wa ƙauyen Uttawar na Musulmi ƙawanya suka kwashe ɗaruruwan maza. A Peru, tsakanin 1996 da 2000, gwamnatin Alberto Fujimori ta yi wa mata sama da 270,000, mafi yawansu 'yan ƙauye masu magana da harshen Kecuwa, da dama ba su san abin da aka sa su dangwala wa hannu ba. Ko a 2014, a Bilaspur ta Indiya, mata fiye da goma sun mutu bayan wani likita ya yi wa sama da tamanin aiki cikin 'yan sa'o'i. A nan Afirka ma kotunan Namibiya da Kenya sun tabbatar an yi wa mata masu cutar ƙanjamau ba da sahihiyar yardarsu ba.

Mutanen Kano kuma suna da nasu tabon. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa an zuba maganin hana haihuwa a rigakafin shan inna, ƙasar da ta faɗa a kai a jiƙe take. Jita-jitar ba gaskiya ba ce, kuma ta jawo yara da yawa sun shanye a ƙasashe da dama, amma wanda ya san 1996 ba zai kira mutanen da suka gaskata ta mahaukata ba. Haka nan lokacin da shugaban Faransa Emmanuel Macron ya tsaya a 2017 yana ɗora matsalar Afirka a kan mata masu haihuwa bakwai da takwas, mutumin Nijar ya ji abin da ya daɗe yana zargi: ana son rage mu ne, ba a damu da lafiyarmu ba.

Masu goyon baya suna amsawa da cewa wannan tarihi nasu ne, ba na abokan muhawararsu ba. Me ya haɗa Uttawar da Peru da Namibiya? A ko'ina wani ne daban ya yanke hukunci a kan jikin mutum. Darasin shi ne kada kowa ya yanke wa mace, ko gwamnati ce, ko likita, ko mai ba da tallafi. Sai su ƙara da cewa wanda ya tilasta mata ɗaukar cikin da zai kashe ta, shi ma ya yanke hukunci a kan jikinta ba da yardarta ba. Taron Alƙahira na 1994 kan yawan jama'a ya yi watsi da tsarin sanya wa ma'aikatan lafiya adadi, ya mayar da zaɓi hannun mutum. Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda ƙasashen Afirka suka rubuta da kansu, ta ba mace 'yancin zaɓar ko za ta haihu, da yawan 'ya'ya, da tazararsu. Najeriya ta amince da ita a 2004. Majalisar dokokin Nijar kuwa ta ƙi ta a 2006, abin da ke nuna ko a tsakanin ƙasashen Hausawa biyu maganar ba ta zo ɗaya ba.

Sa hannun miji

A nan ne gardamar ta fi zafi. Masu goyon baya suna cewa baligi mai hankali shi ke da iko a kan jinyarsa, kuma Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar da haka a 2001 a shari'ar Dokta Okonkwo, inda ta ce majinyaci yana da haƙƙin karɓa ko ƙin magani. Ita za a yanka, ita ke zubar da jini, ita za a kai kushewa. Idan miji ya ƙi sa hannu ta rasu a ciki na gaba, za a yi masa gaisuwa ne, bayan arba'in a fara nema masa wata. Suna kuma tambaya: in har rufe haihuwa ya zama dole a gida, me ya sa ba a taɓa kawo zancen na maza, wanda ya fi sauƙi, ya fi arha, ba ya buƙatar buɗe ciki? Amsar kowa ya san ta. Namiji yana son ƙofarsa a buɗe saboda wani auren. To in ya ga wannan dalili ya isa ya hana a taɓa jikinsa, ya kamata ya gane cewa ita ma tana da ta cewa a kan nata.

Masu adawa suna cewa aure tarayya ce, kuma zuriya haƙƙi ne na mutum biyu. Suna kawo misali da mazhabar Malikiyya da muke bi, inda miji ba ya yin azalu sai da izinin matarsa 'yantacciya, saboda tana da haƙƙi a cikin haihuwa. Idan shari'a ta hana shi hana ta ciki na dare ɗaya ba da yardarta ba, yaya za a ce ita ta rufe masa na har abada ba da saninsa ba? Ban da wannan, suna cewa, a duba abin da zai biyo baya. Ranar da miji ya gano, saki ne ko kishiya, kuma likitan da ya yi aikin ba zai ciyar da ita ba. Labari ya bazu a ƙauye cewa asibiti na juya mahaifar mata a ɓoye, sai maza goma su hana matansu zuwa awo. An ceci ɗaya, an jefa goma cikin haɗari. Suna nuni da makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram da tallafin hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta masu mutunci ke zama suna tattauna lafiyar matansu suna jawo hankalin 'yan uwansu. Hanyar da ke ɗorewa, in ji su, ita ce a shigo da miji, ba a zagaye shi ba.

Idan aka tankaɗe aka rairaye

Abu na farko da na gani shi ne filin saɓanin bai kai faɗin da hayaniyar ke nunawa ba. Babu ɓangaren da ya yarda gwamnati ta tilasta. Babu malamin kirki da ya ce a bar mace ta mutu. Babu likitan kirki da zai so ya yi wa 'yar shekara ashirin da biyar mai lafiya aikin da ba ya warwaruwa alhali ga ashana da roba. Duk hujjar da aka gina a kan cewa mun yi yawa, ko tattalin arziki ba zai ɗauke mu ba, ba ta da gurbi a wannan magana. Manufar yawan jama'a ta 1988 ta zamanin Babangida, mai cewa 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ba ta rage haihuwa a Arewa ba, zargi ta ƙara. Da zarar an haɗa wuƙar likita da lissafin ƙidaya, masu adawa sun yi gaskiya.

Na biyu, yawancin rikicin ya samo asali ne daga lokacin da ake tayar da zancen. Mace tana cikin zafin naƙuda, miji yana tsaye a baranda hankalinsa a tashe yana neman kuɗin jini, sannan a miƙo takarda da Turanci ko Faransanci. Kotun Ƙolin Namibiya a 2014 ta ce yardar da aka karɓa a irin wannan hali ba yarda ba ce, kuma na gamsu da hakan. Amma ƙin da miji ya yi a wannan hali shi ma ba shawara ba ce, firgita ce. Matar da aka yi wa tiyata sau biyu, tun ranar awon farko ya kamata a zaunar da ita da mijinta, da Hausa, a faɗa musu haɗarin, a faɗa musu cewa aikin ba ya komawa, a nuna musu sauran hanyoyi, a ba su watanni su yi tunani, su tambayi malaminsu, ita kuma a ji ta bakinta ita kaɗai ba a gaban kowa ba. Wannan na ƙarshe yana kare ta daga mijin da ya ƙi, yana kuma kare ta daga mijin da ya gaji da ciyarwa yake tura ta.

A inda likitoci biyu suka tabbatar wani cikin zai iya kashe ta, ita kuma ta fahimta ta yarda, ban ga hujjar da za ta ba miji ikon hanawa ba. A nemi yardarsa, a roƙe shi, a kira wanda yake jin maganarsa, amma haƙƙinsa na ƙarin zuriya bai kai nauyin ranta ba, balle ma shari'a ta buɗe masa wata hanyar samun zuriya wadda ita ba a buɗe mata ba. A wannan gaɓa hujjar masu goyon baya ta rinjaya a wurina. A inda kuwa mace ƙarama ce, lafiyarta ƙalau, aurenta kuma ba wanda zai iya lamunce shi, hujjar masu adawa ce ta rinjaya, kuma likitan da ya ba ta shawarar ashana ko roba ya yi mata adalci.

Tsakanin waɗannan biyu akwai mata masu ɗimbin yawa, kuma a kansu ne magana ta ƙi ƙarewa. Ga mai shekara talatin da bakwai, haihuwa takwas, shida a raye, ba ta da ciwon da za a rubuta a kati, amma jininta kullum a ƙasa yake, allura ta ƙi jikinta, asibiti mafi kusa tafiyar awa biyu ce. Likita ba zai iya rantsuwa cewa ciki na tara zai kashe ta ba, ba zai kuma iya rantsuwa cewa za ta sha ba. Matsayar Kuwait ta ce lalura, ba ta faɗi mizanin haɗarin da ke zama lalura ba, ba ta kuma ce ko nisan asibiti da rashin jini a ajiye suna shiga lissafi ba. Masu goyon baya za su ce gajiyarta da tsoronta sun isa hujja, ita ta san jikinta. Masu adawa za su ce in aka buɗe wannan ƙofa kowace gajiya za ta zama lalura, haramcin ya zama suna kawai. Wannan tambaya ce da likitan mata ba zai amsa shi kaɗai ba, malamin fiƙihu ma haka, kuma duk amsar da suka fitar ba tare da sun ji daga bakin matan da ke cikin wannan hali ba, ɗaya daga cikin ɓangarorin nan biyu zai sami dalilin ƙin ta.